Hedimasta Ya Daina Fito, Mama Ta Ce In Mayar da Shi Gida

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana shida ke nan hankalina ba a kwance yake ba.

Bara na gama jami'a, wata biyu da suka wuce na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin tace ruwa, tafiyar awa tara a mota daga gidanmu. Ban taɓa zama ni kaɗai ba. Ranar da zan taho Mama ta ɗauko kejin tsuntsunmu ta ɗora mini a cinya, wai kada shiru ya kashe ni. Ɗan ƙaramin aku ne mai tukku, toka-toka, da jan ɗigo a kowane kunci, irin wanda masu sayar da tsuntsaye ke kira kokatil. Shekararsa takwas a gidanmu. Hedimasta muke ce masa, don ƙarfe shida daidai yake fara fito, ba ya bari sai kowa ya tashi. Ya iya kwaikwayon ƙarar ƙofar kicin ɗinmu, ya iya tarin da Mama ke yi kafin ta kira sunan mutum. A ɗakin nan da na kama, idan ya yi tarin nan har juyawa nake yi.

Ina auna shi kowace safiya kafin ya ci, ina rubutawa a wani ɗan littafi. Giram casa'in da biyu yake da muka zo, haka ya zauna. Ranar Asabar ya koma casa'in, Litinin tamanin da bakwai, yau Alhamis tamanin da uku. Ya daina fito. Yana kumbura gashinsa, yana lumshe ido da rana tsaka. Kwanon abincinsa kamar a cike, amma da na hura sai na ga ba ɓawo, wato bai fasa ƙwayar ba. Kashinsa ya ragu, ya yi ruwa-ruwa. Gashin saman hancinsa ya jiƙe. Tun jiya ya sauko daga kan sanda ya zauna a ƙasan keji, jelarsa tana motsi sama da ƙasa duk numfashin da ya ja.

Na kira Mama. Ta ce kewa ce, ba wata cuta, ya saba da hayaniyar gida da muryar ƙannena, ni kuma ina fita bakwai in dawo biyar in bar shi da bango huɗu. Ta ce in kawo shi gida jibi Asabar, yana ganin tagarsa zai warke. Anti, gaskiya na so maganar nan har cikin raina. Ban cika wata uku ba, ba a ba ni hutu, amma na riga na fara tsara abin da zan faɗa wa shugabata. Jakata ma a buɗe take a kan gado. Ina son in ji ƙarar ƙofar kicin ɗin nan ta gaske. Sai dai kuma duk lokacin da na dubi littafin awon nan sai in dakata da haɗa kayan. In tafi da shi, ko yaya zan yi?

Mai Kewar Gida

'Yata,

Rufe jakar nan, babu tafiya. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki nemi izinin awa biyu a wurin aiki ki kai shi wurin likitan dabbobi, ki fara tambaya ko yana duba tsuntsaye.

Mama ba ta yi ƙarya ba. Tsuntsayen nan suna kewa, sauyin wuri kan sa su yi shiru. Amma da kewa ce, a makon farko za ki gani, ba bayan wata biyu yana fito lafiya lau ba. Kuma kewa ba ta jiƙa hanci, ba ta sa jela ta riƙa bin numfashi. Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa iya ƙarfinsa, sai ya kai maƙura ake gani. Ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a kwana shida. Awa tara a mota, da girgiza da ƙura, na iya ƙarasa shi.

Kafin ku fita, sa shi a wuri mai ɗumi da babu iska, ki ajiye ruwa da abincin da ya fi so a ƙasa kusa da shi. Kada ki ɗura masa ruwa a baki, kada ki ba shi maganin mutane ko na kaji. Kada ki fesa maganin sauro ko turare, kada ki yi girki kusa da shi. Ki ɗauke shi a ƙaramin kwali mai huda, ki tafi da takardar ƙasan keji mai kashinsa da littafin awonki, likita zai gode miki. Ki riƙa wanke hannu, idan kuma zazzaɓi ko tari ya kama ki, ki gaya wa likitanki kina da tsuntsu marar lafiya.

Sauran maganar taki ce. Kewar da Mama ta ambata tana nan, amma ke ce ke ɗauke da ita, kuma ba abin kunya ba ne. Ita ma ina zargin ba tsuntsun kaɗai take son gani ranar Asabar ba. Daga wurin likita ki kira ta, ki gaya mata abin da aka ce, sannan ki buɗe baki ki ce kina kewarta. Ki roƙe ta ta zo ta yi miki kwana uku, ta ga ɗakinki, ta taya ki jinya. Ita za ta iya tafiyar awa tara, shi ba zai iya ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya sa albarka a aikinki.

Antinki