Bakancen Sa'a

Arlit, 4 ga Maris, 1992

Zuwa ga Yaya Baraka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Damagaram duka.

Mu dai sai godiya. Kamfani ya sallami baban Mina, yanzu mota yake ja zuwa Assamakka. Hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, ga fari ya koro makiyaya cikin gari. Duk wannan bai dame ni ba kamar ciwon sukarin Mina. Allurarta a gindin randa nake ajiyewa, cikin jiƙaƙƙen tsumma, don kada zafi ya lalata ta. Shekararta sha biyar amma ni ke auna mata tuwo, tana harara ta.

Na yi bakance, Yaya: duk ranar da sukarinta ya sauka har jikinta ya ɗauki rawa, zan yi azumi uku. Kuma Allah ya karɓa! Wata biyu ke nan bai taso mata ba.

Ƙanwarki,
Sa'a

Arlit, 6 ga Maris

Inna Baraka,

Ina gaishe ki. A ɓoye na ba direba wannan takardar, don Allah kada Mama ta ji.

Ciwon bai daina ba. Sau huɗu yana kama ni a makarantar lakwal, sau ɗaya har na faɗi a bayan aji. Dabino nake ci in yi shiru. In na faɗa mata, sai ta kama azumi cikin wannan zafin, tana daka tana jiri. Zanenta yanzu sau biyu yake zagaye ta. Ko biki ta daina zuwa, ƙawayenta sun gaji da aiko mata. Ina son likita ya sani, amma ita ke raka ni, ita ke amsa masa kafin in buɗe baki.

Tsoro nake ji, Inna.

'Yarki,
Mina

Damagaram, 25 ga Maris

Sa'a,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki, na kuma ga wata wadda aka roƙe ni in rufe. Ba zan rufe ba, ga ta nan na haɗo miki. Ko Mina ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Tun kina ƙarama haka kike, in akuya ta yi ciwo ke ce ba kya cin abinci. To wannan ba akuya ba ce, tana da ido. Kina azumi dominta, ita kuma tana faɗuwa a ɓoye dominki. Na yi kuka da na karanta, sannan na ji haushinki.

Ki je wurin malam ya gaya miki yadda ake warware bakance. Ki bar ta ta shiga wurin likita ita kaɗai. Ki ci, ki yi kitso, ki leƙa maƙwabta. In tsoron ya taso, ki zauna ki ja numfashi kafin ki yi magana. Ciwon nan zama ya zo yi, kuma tana bukatar uwar da za ta iya gaya wa.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki hankali.

Yayarki,
Baraka

Arlit, 19 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kwana biyu ina jin zafinki, ya wuce. Malam ya warware bakancen, likita ya ji daga bakin Mina ya rage allurar.

Jiya muna cin abincin rana ta ce, "Mama, jikina na rawa." Ta tsaya tana kallona. Na ba ta sukari a ruwa, na zauna kusa da ita har ta dawo daidai. Sai ta turo mini kwano ta ce, "To, ci in gani."

Na tuna da azumin, Yaya. Amma na cinye.

Taki,
Sa'a