Kyanwar Gidan Ta Samu Takardun Tafiya

Ulaya, Riyad

Zuwa ga Yaya Harouna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da Shafa'atu da yara. Ni ƙalau nake, aikin tuƙi yana tafiya, kada ku damu.

Sai dai akwai abin da ban gane ba a gidan kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki. Wata biyu ke nan madam da 'yarta sun duƙufa koyon Sifaniyanci. Duk inda zan kai su, suna bayan mota suna bita: "hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos." Yarinyar ta ce min kalma ɗaya ce ake jujjuyawa, wai "a da ina magana, a da kana magana." Har ni na haddace ba da niyya ba. Da na tambayi madam dalilin karatun, sai ta ce nishaɗi ne kawai. Yaya, wa ke nishaɗi da littafi da biro a cunkoson motoci?

An sayar da mota ɗaya, an naɗe dardumar falo. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, saura mako shida ta ƙare. Sau uku ina yi wa maigida maganar sabunta ta, amsarsa ɗaya ce: "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe.

Kada ka faɗa wa Inna tukuna, wataƙila zargi ne kawai. Amma ka karɓo min lambar abokina Maulud wajen iyayensa, na ji ana neman direba a masana'antarsu.

Jiya ni na kai kyanwarsu wajen likita, aka yi mata allura, aka ba ta takardun shiga jirgi. Ita dai tata ta fito.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Almustafa