Kunnen Dama, Kunnen Hagu

Litinin, 7 ga Maris 1988, Tunis
Yi haƙuri, littafi, ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai. Dakta Sihem ta shigo ɗakin ɓeraye tana rawa. Shekara biyu tana neman kuromosom ɗin da ke ɗauke da ƙwayar gadon sinadarin girma, da gurbinta a kai. Wai ɓera mai lamba 41 ya nuna mata gurbin. Ta sumbaci goshina: "Inna Munjiya, ɓeranki ya aurar da ni ga Faris!" Taron masana na birnin Faris saura kwana goma.

Laraba, 9 ga Maris
Ni nake huda wa ɓerayen kunne don a san lambarsu. Hagu gommai, dama ɗaiɗai, ana karantawa daga bayan ɓera. Ranar da na yanko mata wutsiyar 41 don gwaji yatsana na ciwo, na riƙe shi yana fuskantata. In haka ne, 14 na ba ta. Ban tabbata ba. Dukansu biyun sun mutu tun Janairu.

Alhamis
Ko kuskus ɗin ban iya ci ba.

Juma'a, 11 ga Maris
Malaminmu na allo kan ce kuskuren wasali ɗaya ya isa a wanke allo duka. Na sami Dakta Sihem tana shan kofi, na faɗa mata, muryata kamar ta sauro.
"Kin tabbata?"
"A'a, 'yata."
"To don me kika faɗa min?" Ta ajiye kofin da ƙarfi. "Shekara goma sha tara ba a jin bakinki, sai yau!"

Litinin, 14 ga Maris
Ta janye takardarta daga taron. Ba ta gaishe ni ba. Na haɗa mata sababbin ma'auratan ɓeraye, keji takwas.

Litinin, 20 ga Yuni
Sakamakon sababbin ya fito. Kuromosom na sha ɗaya dai, amma gurbin ba inda 41 ya nuna ba. Ta ɗaga fim ɗin hoton gwajin ga taga, ta ce, "Da na tafka abin kunya a gaban farfesoshi ɗari." Sai ta miƙo min: "Duba, Inna, 'yar sa-ido."
Na ce layi na shida bai fito sosai ba, a sake shi. Da ƙarfi na faɗa, har Si Taufiƙ, shugabanmu, ya waiwayo. Ba halina ba ne. Zafin rana ne, ina jin.