Na Ɓoye Wa Matata Ciwon Gidanmu

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta zuwa ƙarshe kafin a zage ni.

Ni ɗan Aliero ne, albasa nake sayarwa. Innata kafin ta rasu takan yi watanni a ɗaki, ba magana, ba cin kirki, sai hawaye. Yayana kuma yana jin ana kiransa alhali ba kowa. Da na kai shi asibiti, likita ta ɗaga biro ta ce ya bi shi da ido. Idanunsa ba su tafiya sumul, sai su tsaya, su yi tsalle su cim ma biron. Ta ce ni ma in gwada. Nawa ma haka suka yi. Ta ce, "Malam, akan ga wannan ga 'yan uwan masu irin wannan ciwon ƙwaƙwalwa. Ba ya nufin za ka kamu." Amma wa zai ji haka ya samu natsuwa?

Lokacin da nake neman matata a Maiyama, mahaifinta ya tambaye ni halin yayana. Na ce wani ɗan kabu-kabu ne ya kaɗe shi da babur, ya bugu a kai. Na rantse. Shekara biyar ke nan matata tana dafa wa yayan nawa tuwo, tana tsine wa ɗan kabu-kabun da bai taɓa wanzuwa ba.

Yanzu muna da ɗiya, Hauwa'u. Ranar Juma'a matata ta same ni ina juya tsinken tsintsiya a gaban yarinyar, ina leƙen ƙwayar idonta.

"Baban Hauwa'u, mi kaka yi haka?"

Na ce wasa ne. Ta ce, "Wasa, kana gumi?"

Tun ranar ba na iya haɗa ido da ita. In kasuwar Jega ta tashi sai in zauna cikin rumfa ni kaɗai har kowa ya watse. In na ji an kira sunana, sai na waiwaya na ga mutum kafin in amsa. Wa zan gaya wa? Abokan da za su kai maganar majalisa?

Jiya ta ajiye mini abinci ta ce, "In laifi na yi maka, gaya min. Ciki gare ni, ba ni iya wanga shiru."

In na faɗa, ina tsoron ta kwashe ɗiyata ta koma gidansu. In na yi shiru, ita ke neman gafarar laifin da ni na yi. Jama'a, me zan yi?