Akurkin Laka a Gidan Hajja Mansoura

Unguwar Abdulkafi, Sabha

Zuwa ga Yaya Muƙaddas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan, ya ba ku damina mai albarka a Tasawa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu gaba. Maigidana Sadiƙ yana can gonar dabino a Ghuddwa, ran Alhamis yake zuwa gida. Rahamatou ta cika shekara uku, bakinta ya buɗe, rabi Hausa rabi Larabci. Na zaɓi in rubuto in ba Alasan direba ya kawo maka hannu da hannu, domin a waya ba ka barina in kai aya.

Na ji saƙon muryarka har sau uku. Ka ce in yanka kajin nan in huta, baƙo ba ya jayayya da mai gida, kowa ya kwana lafiya shi ya so. Na san Sadiƙ ne ya kai maka ƙarata, kuma rabin zancen ya gaya maka. Yaya, inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Shekarata huɗu a garin nan, duk abin da na mallaka jaka ɗaya za ta cinye shi, kullum ana ce mini kar in saki jiki, mu masu wucewa ne. 'Yata ta tashi tana zaton a leda ake samun kaza, daskararriya. Na gaji da zaman wucin gadin nan, kuma na faɗa ba tare da kunya ba. Shi ya sa na sayi 'yan tsaki goma sha biyu, kuma ban yanka su ba.

Ga yadda abin ya faru. Ɗakin da muke haya a bayan gidan wata dattijuwa yake, Hajja Mansoura, 'yar garin ce. Tana da rumfar inabi a tsakar gida inda take shan shayi da safe. Da tsakin suka yi fiffike, sai suka ƙi akurki, magariba na yi su haye rumfarta su jeru, gari ya waye tabarmarta ta ɓaci da kashi. Ta yi magana sau biyu. Na uku ta ce ta ba ni zuwa Juma'a ta sama: in kaza ɗaya ta sake kwana a rumfar, ko kajin su bar gidan ko mu bar shi. Ban ga laifinta ba, ni ma da tabarmata ce da abin da zan faɗa ya fi haka.

Kuskuren nawa ne, zan amsa shi. A gida ka taɓa ganin an koya wa tsako shiga akurki? Uwarsa yake bi. Ni kuwa na manta waɗannan inji ne ya ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin uwa ba, na zauna ina jiran su yi hankalin da babu wanda ya nuna musu. Kuskure na biyu na Sadiƙ ne, ko da yake har yau bai yarda ba. Da kwanon rufi ya haɗa akurkin, ya tsaya yana yaba aikinsa. Ranar da na sa hannu ciki bayan la'asar sai da na janye da sauri, ka ce tanda. Ashe kajin sun fi mu hankali.

Kowa ya ba ni shawara in kulle su ciki kwana uku su saba. In da na bi, da gasassu zan kwaso. Sai na tuna irin akurkin da Kaka take ginawa bayan rumbu. Na tsare Sadiƙ har ya kawo mini laka buhu biyu da rassan dabino daga gona, yana mita wai mutane za su ce matarsa ta zama magina. Na ce su faɗa. Na kwaɓa da ƙafata, na gina a inuwar katanga, na bar ƙananan ramuka don iska, na gitta sanda a ciki daidai tsayin da za su iya hawa. Zafin Sabha ya yi mini rana sau ɗaya, kwana biyu ya bushe ƙarau.

Sannan na kulle su kwana uku, ruwa da dusa a ciki, ina yayyafa wa rufin ruwa da azahar. Rana ta huɗu na sake su, amma na hana su tsaba tun hantsi. Da rana ta yi ja na tsuguna a bakin akurkin ina kaɗa gero cikin gwangwani, na watsa kaɗan a ƙofa, sauran can ciki. Bakwai suka shiga, biyar na kamo su ɗaya bayan ɗaya daga rumfa, inabi yana zubo mini a ka. Kashegari tara. Ban fasa ba ko sau ɗaya, lokaci ɗaya, gwangwani ɗaya, har ranar da zazzaɓi ya kama ni da rarrafe na fita.

Ran Juma'a Hajja ta fito da kujerarta ta zauna tana jan carbi, Sadiƙ yana tsaye bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Na kaɗa gwangwani. Sha ɗaya suka shige a jere, ko waiwaye babu. Saura wani ɗan zakara ja, wanda na fi so duk cikinsu saboda taurin kansa irin nawa ne. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya buɗe fiffike ya ɗare rumfa daidai saman kan Hajja. Ban jira ta buɗe baki ba. Na ce wa Sadiƙ, "Ɗauko wuƙa. Wannan kaɗai, ba za ka taɓa mini sauran ba." Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, amma na yi kuka ina fige shi, ba zan ɓoye maka ba.

Kashegari na dafa shi da miyar kuka, na zuba cinya da ƙirji a kwano na kai wa Hajja. Ta karɓa ta shige ɗakinta. Mutanen nan ba sa mayar da kwano babu komai a ciki, don haka na yini ina jira, na san amsata tana cikin kwanon. Bayan la'asar ta kawo shi da kanta. Na buɗe na ga ɗanyen sha'ir, hatsinsu na nan, ɓarzajje, cike har baki. Ta nuna akurkin da haɓa ta ce da Larabci, "Na 'yan matanki ne. Ƙwan farko nawa ne."

Saboda haka, Yaya, ka daina aiko mini da haƙuri, ka aiko mini da gero, na nan tsada gare shi kuma ba ya da ƙanshi. Ka gaida Inna, ka karanta mata wannan tun daga farko, kar ka tsallake inda na yi gaskiya. Ka gaida Anti Bintou da yara, da Kawu Nazirou, da Aïcha in ta zo ganin gida. Sadiƙ yana gaishe ka, yanzu shi ke nuna wa abokansa akurkin yana cewa mu muka gina.

Taka ƙanwa mai taurin kai,
Ɗijatu