Layi na Biyu

Angona,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici: ba shi da ƙafa amma ya riga ka isa, ba shi da kunne balle ka ce masa dawo. Mene ne?

To, ina gaishe ka, malalacin miji, wanda bai taɓa saya wa amaryarsa ko ɗankwali ba. Yaya jikin babanka? Kunnuwana sun ƙi waya, shi ya sa na koma takarda.

Na yi ɓarna, ɗan nan. Na buɗe shafin asibitin da ka nuna mini a tsohuwar kwamfutarka, inda ake rubuta wa majinyaci saƙo nas ta karanta masa. Ka san ni da babanka ba ma magana tun da ya sare bishiyar da kakanka ya dasa a tsakar gida. Na ce bari in tsokane shi ya yi dariya. Da yatsa ɗaya na rubuta, "Ban yafe maka ba." Sai na danna babban maɓallin nan na dama don in sauka layi na biyu, yadda ka koya mini, in ƙara da, "sai ka warke ka zo ka dasa mini wata." Kafin in ɗaga yatsa akwatin rubutun ya share, wai an aika, sun gode. Godiyar me? Na sake gwadawa, ya ce saƙo ɗaya ake karɓa a rana. Washegari na nemi sunansa a shafin, babu.

Don Allah ka je gadonsa ka faɗa masa ragowar. Kada ɗana ya kwana da rabin maganata.

Amaryarka mai haƙori huɗu,
Kaka

*

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Sai dai mu yi haƙuri. Ranar da kika nemi sunan Baba kika rasa, a ranar ya cika. Kawu ya ce shi zai zo ya faɗa miki baki da baki, amma na san ba wannan kaɗai kike jira ba.

Laifina ne da ban gaya miki ba: a wancan akwatin maɓallin ba ya sauka layi, aikawa yake yi.

Ina zaune nas ta karanta masa saƙonki daga takarda. Ta juya takardar ko akwai wani abu a baya. Baba ya buɗe ido ya ce, "Ci gaba mana." Ta ce iyakarsa ke nan. Ya ce, "A'a. Inna ba ta taɓa yin magana ta tsaya a layi ɗaya ba. Ku duba gobe."

Kacici-kacicinki kuwa na ba ki gari.

Angonki

*

Angona,

Na gaishe ka. Kawunka ya zo, ya tafi. Allah ya jiƙan babanka.

Ja'irin yaro, har a gadon asibiti yana ce mini mai surutu. Na zauna a kan kututturen bishiyar na faɗa masa ragowar da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na yafe masa duniya da lahira. Kai ma ba ka da laifi, ka ci abinci.

Ka gaishe mini da nas ɗin, da ta juya takarda.

Amsar kuwa, babban maɓallin nan ne na dama, Enta.

Kaka