Raƙumin Alƙasum a Bangon Kasuwa

Litinin, 6 ga Maris

Wata takwas ke nan a shagon buga takardu na Malam Souleyman. Shekara uku na yi ina koyon zane a Yamai, ga ni a Tawa ina haɗa katin suna da na biki. Kowa ya zo sai ya ce a ƙara fure. Na gaji.

Laraba, 8 ga Maris

Yau dai aiki na gaske ya zo. Wata ƙungiya na son afish, wato babbar takardar bango, na gargaɗi kan ƙazuwar raƙuma, za a liƙa daga nan har Takanamat. Ina da hoton wani farin raƙumi da na ɗauka a kasuwar Lahadi. Na ramar da shi a kwamfuta, na zizara masa gyambo a wuya da ƙafafu. Ya yi kyau, wato ya yi muni yadda ake so. Maigida ya ce in kai wa dillalan kasuwa su duba kafin a buga. Na ce to, ban je ba. Mai digiri ce za ta nemi shawarar dillali?

Litinin, 13 ga Maris

An liƙa ko'ina. Na wuce ta bakin kasuwa sau biyu don in gani.

Litinin, 20 ga Maris

Wani dattijo mai rawani, Alƙasum, ya shigo da afish ɗin a naɗe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ɗora yatsa kan wani ɗan tabo a wuyan raƙumin, layi biyu da ɗigo. Ni da na ɗauka tabo ne kawai, har na ƙara masa haske.

"Ɗiyata, wanga lalas na gidanmu na. Tun kakana."

Ashe alamar mallaka ce da ake yi da ƙarfe mai zafi, kowane makiyayi daga nan har Tebaram ya san ta wane ce. Raƙuma uku, har da farin nan, ya koro daga Takanamat don ya sayi hatsin da zai kai iyalinsa damina. Jiya ba wanda ya taya ko ɗaya. Ana nuna bango, ana nuna shi.

Na ce, Baba, yanzu zan goge. Ya ce, "Ki goge cikin injinki. Cikin idon mutane wa za ya goge?"

Talata, 21 ga Maris

Maigida bai kore ni ba. Ya ce kawai, abin da mai zane bai sani ba, mai kallo ya sani. Ban ci abinci ba.

Lahadi, 26 ga Maris

Azumi, ga rana. Mun bi bango muna yage tsoho muna liƙa sabo marar alama. Daga nan na je na tsaya gefen raƙuman Alƙasum da wayata, ina nuna wa duk wanda ya zo hoton asali, ina cewa ni ce na ɓata shi. Wasu dariya, wasu "Allah shi kyauta." Kunya kamar in nutse. An sayi biyu. Farin kuwa ko haƙoransa ba a duba ba.

Da la'asar ya ja shi suka kama hanya. Hatsin ba zai kai damina ba, shi ya faɗa, ba tare da ya dube ni ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Sabon aiki, tambarin masu sayar da cuku. Akwai akuya a ciki. Na buga gwaji ɗaya, na hau kabu-kabu, sai ga ni a kasuwa. Ba wai shawara na je nema ba, hanya ce ta biyo da ni. Wani tsohon dillali ya juya takardar ya ce kunnen nan na tunkiya ne. Na gyara.

Na duba wurin da Alƙasum ke tsayawa. Bai zo ba.